Otto Lilienthal (1848–1896): Injiniyan da Ya Koyi Tashi Daga Tsuntsaye

1.0 Gabatarwa

Tun fil'azal ɗan'adam yake kallon tsuntsu yana shawagi a sararin samaniya, yana burin a ce shi ma ya iya. Tarihi ya adana labaran mutane da dama da suka ɗaura fukafukai suka diro daga kan hasumiya ko dutse, kuma akasarinsu karaya ko mutuwa suka samu. Daga cikin waɗanda aka fi ambato akwai Abbas Ibn Firnas, masanin birnin Ƙurɗuba ta Andalus a ƙarni na 9, wanda marubucin tarihi Al-Maƙƙari ya ruwaito cewa ya yi wa kansa fukafukai ya tashi, amma ya ji rauni wajen sauka. A shekarar 1783 aka fara tashi da mutum cikin balan-balan a Faransa, sai dai balan-balan duk inda iska ta nufa nan yake bi. A Ingila kuma George Cayley ya bayyana wasu daga cikin ƙa'idojin tashi tun farkon ƙarni na 19. Duk da haka, har zuwa shekarar 1890 ba a sami mutumin da zai tashi da na'urar da ta fi iska nauyi ba, ya sarrafa ta, ya sauka lafiya, ya kuma maimaita gobe da jibi a gaban shaidu. Wanda ya fara yin haka shi ne wani injiniya Bajamushe mai suna Otto Lilienthal. Wannan babi zai bi tarihin rayuwarsa, tun daga ƙuruciya da karatu, zuwa bincikensa da tashe-tashensa da rasuwarsa, sannan ya dubi abin da ya bari ga na baya.

2.0 Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Karl Wilhelm Otto Lilienthal ranar 23 ga watan Mayu, 1848, a garin Anklam da ke lardin Pomeraniya cikin daular Furusiya, wato arewa maso gabashin Jamus ta yau. Mahaifinsa, Gustav Lilienthal, ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi. Mahaifiyarsa kuwa, Caroline, ta yi karatun kiɗa da waƙa kafin ta yi aure. Otto ne ɗan fari cikin 'ya'ya takwas, amma biyar daga cikinsu sun rasu tun suna ƙanana. Waɗanda suka rayu su ne shi da ƙanensa Gustav, wanda aka haifa a 1849, da ƙanwarsu Marie. Kasuwancin mahaifin ya karye, har ya fara shirin ƙaura da iyalinsa zuwa Amurka, amma ajali ya riske shi a 1861 kafin a yi tafiyar. Daga nan nauyin renon yaran da karatunsu ya koma wuyan mahaifiyarsu ita kaɗai.

Anklam gari ne da ke bakin kogin Peene, fadamu sun kewaye shi, kuma farar shamuwar Turai takan yawaita a wurin a watannin zafi. Ita wannan tsuntsuwa 'yar'uwa ce ga shamuwar da aka sani a ƙasar Hausa da shigowar damina, sai dai ta fi ta girma, kuma idan sanyi ya gabato takan yi ƙaura zuwa Afirka kudu da Sahara. Otto da Gustav sukan ɓata sa'o'i a fadama suna kallonta. Abu na farko da suka lura da shi shi ne, idan suka tunkare ta iska na bayansu, maimakon ta guje musu sai ta yo tsalle-tsalle ta nufo su kafin ta tashi. Nan suka gane cewa tsuntsu mai nauyi sai ya fuskanci iska yake samun tashi cikin sauƙi. Wannan ɗan ƙaramin abu da suka gani suna yara shi ne ya zama ƙa'idar da Otto ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa.

Yana da kimanin shekara 14, shi da ƙanensa suka sassaƙa fukafukai biyu na siraran katakai, suka yi musu maɗauri a hannu. Don gudun dariyar abokan makaranta, da dare suke fita bayan gari su gwada, suna gangarowa daga tudu da gudu suna kaɗa hannuwa. Ko sau ɗaya ƙafarsu ba ta bar ƙasa ba. Mahaifiyarsu ba ta hana su ba, duk da halin matsin da gidan yake ciki.

3.0 Karatunsa da Sana'arsa

Bayan makarantar sakandare ta Anklam, Otto ya shiga makarantar koyon sana'a ta Potsdam a 1864, inda ya yi shekara biyu. Daga nan ya yi koyon aiki a masana'antar injuna ta Schwartzkopff a birnin Balin. Talauci ya sa a lokacin ko ɗakin kansa ba shi da shi, sai dai gado da yake haya yana karɓa-karɓa da masu tuƙa keken doki. A 1867 ya sami shiga Kwalejin Fasaha ta Sarauta a Balin, inda ya karanci aikin injiniyan injuna har zuwa 1870. Yana cikin wannan karatu ne shi da Gustav suka ƙera wata na'ura mai fukafukai shida da ake kaɗawa da ƙafa. Da suka rataye ta da igiya suka auna, sai suka ga iyakar abin da ƙarfin mutum ya iya ɗagawa kilo 40 ne, wato kusan rabin nauyin mutumin da na'urar. Na'urar ba ta tashi ba, amma ta koya musu amfanin awo.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Furusiya da Faransa a 1870, Otto ya yi aikin soja na shekara guda, yana cikin rundunar da ta yi wa birnin Faris ƙawanya. Bayan yaƙi ya dawo Balin ya kama aiki a kamfanonin ƙera injuna. Aikin ƙera injin yankan kwal ya kai shi mahaƙar kwal da ke kusa da Dresden, inda ya haɗu da Agnes Fischer, 'yar wani ma'aikacin mahaƙar. Sun yi aure a 1878, suka haifi 'ya'ya huɗu.

'Yan'uwan biyu masu ƙirƙira ne, amma ba su fara da sa'ar kasuwa ba. Sun ƙirƙiro wasu ƙananan tubala na wasan yara waɗanda ake haɗawa da yashi da alli da mai, amma rashin jari ya sa suka sayar da dabarar ga wani ɗan kasuwa, Friedrich Adolf Richter, a 1880. Shi ne ya yi arziki da ita, har tubalan suka shahara a duniya da sunan Anker. Abin da ya ɗaga Otto shi ne wata ƙaramar tukunyar tururi mai naɗaɗɗen bututu, wadda ya yi wa rajistar mallaka a 1881. A wancan zamani fashewar tukunyar tururi ta zama annoba a masana'antu, ita kuwa tasa ba ta da wannan haɗari, don haka ƙananan masu sana'a suka karɓe ta hannu biyu-biyu. A 1883 ya buɗe masana'antarsa a titin Köpenicker na Balin, inda ake ƙera tukwane da injunan tururi. Da ribar wannan masana'anta ya ɗauki nauyin duk binciken da ya yi kan tashi, ba tare da tallafin gwamnati ba.

4.0 Bincikensa Kan Fiffike

A zamanin Lilienthal, wanda duk ya ce zai tashi da fukafukai kallon mai taɓin hankali ake yi masa. A 1873 shahararren masanin kimiyya Hermann von Helmholtz ya bayyana cewa da wuya mutum ya iya ɗaga kansa sama da ƙarfin damtsensa kaɗai. Jama'a suka ɗauki wannan magana a matsayin hukuncin cewa tashi da fukafukai ba zai taɓa yiwuwa ba, sai hankalin masana ya karkata ga balan-balan.

Lilienthal bai yi jayayya da baki ba, awo ya ci gaba da yi. Ya ƙera wata na'ura mai dogayen hannuwa biyu masu juyawa, yana ɗaura faifai iri-iri a bakinsu, yana auna ƙarfin da iska take ɗaga su da shi da kuma ƙarfin da take ja da su baya. Bai tsaya a cikin ɗaki ba, ya kuma kai na'urorinsa fili ya auna a cikin iska ta haƙiƙa. Tun a 1874 sakamakon ya nuna masa cewa faifai mai ɗan lanƙwasa, mai doro a sama da rami a ƙasa kamar fiffiken tsuntsu, ya fi shimfiɗaɗɗen faifai ɗagawa nesa ba kusa ba, kuma bai cika jan baya ba. Ya gano cewa lanƙwasar da ta fi dacewa ita ce wadda zurfinta ya kai kashi ɗaya cikin 12 na faɗin fiffiken. Bai yi gaggawar bugawa ba. Sai da ya sake maimaita awon gaba ɗaya a 1888 da na'urori mafiya inganci, ya ga sakamakon bai sauya ba.

A 1889 ya wallafa littafinsa mai suna Der Vogelflug als Grundlage der Fliegekunst, wato tashin tsuntsu a matsayin tushen fasahar tashi. Littafin ya ƙunshi sakamakon binciken sama da shekara 20 da ya yi tare da ƙanensa, da zane-zanen fiffiken shamuwa da ya yi da hannunsa, da jadawalin alƙaluma. A ciki ne ya fito da wani tsarin zane da ke nuna alaƙar ƙarfin ɗagawa da na jan baya a kowace kusurwa da fiffike ya fuskanci iska. Har yau injiniyoyin jiragen sama suna amfani da wannan zane, kuma da sunansa ake kiran sa. Da kuɗinsa ya buga littafin, kuma bai yi kasuwa ba a lokacin, amma daga baya ya zama littafin da kusan duk magabatan harkar jirgin sama suka karanta.

5.0 Daga Tsalle Zuwa Tashi

Ra'ayin Lilienthal shi ne, ba a koyon tashi a kan takarda, kamar yadda ba a koyon iyo a kan tudu. Dole mutum ya shiga iska da jikinsa, ya saba da halinta kaɗan-kaɗan, kafin a yi maganar sanya inji. A farkon 1891 ya kafa wani dandamali mai tsayin mita 1 a lambun gidansa da ke Lichterfelde, yana dirowa daga kai riƙe da fukafukai, yana ƙara masa tsayi sannu a hankali. Da ya ga lambun ya yi masa kaɗan, sai ya koma wani tudun yashi kusa da ƙauyen Derwitz, yamma da Potsdam. A nan ne a cikin shekarar ya riƙa yin tashi mai nisan da ya kai mita 25. Masana tarihi da dama suna ɗaukar 1891 a matsayin shekarar da ɗan'adam ya fara tashi da fukafukai.

Jirgin nasa ba shi da inji. Da sandunan itacen wilo ake yin ƙashinsa, itace ne marar nauyi mai lanƙwasuwa, sannan a lulluɓe da yadin auduga da aka shafe don kada iska ta ratsa. Matuƙi yakan shiga tsakiya, ya zura hannuwansa cikin matsera biyu ya riƙe sanda, ƙafafunsa na reto a ƙasa. Yakan fuskanci iska, ya gangaro da gudu har fukafukan su ɗauke shi. Da nauyin jikinsa yake tuƙi: idan yana son ya karkata dama sai ya wurga ƙafafu dama, idan hancin jirgin ya ɗaga sai ya wurga su gaba. Wannan shi ne asalin jirgin shawagi na rataya da ake tashi da shi a yau.

A 1893 ya gano tuddan Rhinow, arewa maso yamma da Balin, musamman tudun Gollenberg kusa da ƙauyen Stölln. A can tashinsa ya kai nisan mita 250, kuma babu wanda ya wuce wannan nisa har ya rasu. Da yake wurin yana da nisa, sai ranar Lahadi yake samun zuwa. Saboda haka a 1894 ya sa aka tara masa ƙasa kusa da gidansa, aka yi tudu mai siffar hular malafa mai tsayin mita 15, wanda ake kira Fliegeberg, wato tudun tashi. Hikimar siffar ita ce, ta kowace fuska iska ta taso yana iya fuskantarta. Mutanen Balin sukan yi cincirindo a gindin tudun suna kallo.

A wannan shekara ce ya kammala jirgin da ya fi shahara da shi, mai faɗin fukafukai mita 6.7 da nauyin kusan kilo 20, wanda ake iya naɗewa kamar fiffiken jemage a ɗauka. Masana'antarsa ta riƙa ƙera shi tana sayarwa a kan mak 500, kuma an san mutum tara da suka saya, cikinsu har da masanin nan na Rasha Nikolai Zhukovsky da mai gidan jaridun Amurka William Randolph Hearst. Shi ne jirgin sama na farko a tarihi da aka ƙera da yawa don sayarwa. A 1895 ya ƙera masu fukafukai hawa biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ya kuma gwada wani ƙaramin inji mai aiki da matsattsiyar iskar gas don kaɗa bakin fukafukai, amma wannan bai kai ga nasara ba. Jimlar tashin da ya yi tsakanin 1891 da 1896 ta haura 2,000.

Wani abin da ya taimaka wa aikinsa shi ne hoto. A daidai lokacin ne aka sami kyamarar da ke iya ɗaukar abu yana cikin motsi, kuma masu ɗaukar hoto irin su Ottomar Anschütz sun ɗauke shi yana sama. Jaridu da mujallu a Turai da Amurka suka buga hotunan. Abin da a da ake yi wa dariya sai ga shi ido ya gani. Masana suka riƙa zuwa Balin takanas don su gan shi, kamar Zhukovsky da Samuel Langley na Amurka da Percy Pilcher na Ingila, yana kuma musayar wasiƙu da Octave Chanute na birnin Shikago. Bai ɓoye wa kowa abin da ya gano ba, har kurakuransa da faɗuwarsa yana rubutawa a mujallu.

6.0 Halayensa da Ra'ayoyinsa

Lilienthal mutum ne mai fara'a da ƙarfin jiki, mai son kiɗa da waƙa da wasan kwaikwayo. Talaucin da ya ɗanɗana yana saurayi bai fita daga ransa ba. A 1890 ya fara raba wa ma'aikatansa kashi 25 cikin 100 na ribar masana'anta, abin da ba a saba gani ba a zamanin. Ya kuma sa hannu a wani gidan wasan kwaikwayo a gabashin Balin, inda aka rage kuɗin shiga ƙwarai don talakawa su sami damar kallo. Shi kansa ya hau dandamali ya yi wasa, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo kan yadda 'yan damfara suke cutar ƙananan masu sana'a.

Game da amfanin jirgin sama kuwa, fatansa babba ne. A wata wasiƙa da ya rubuta wa Moritz von Egidy a 1894, ya nuna cewa idan mutane suka iya tashi, iyakokin ƙasashe za su rasa ma'ana domin ba za a iya rufe su ba, kuma hakan zai tilasta wa al'ummu su daina yaƙi. Shekara 20 bayan wannan wasiƙa aka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda jirgin sama ya zama makami.

7.0 Rasuwarsa

Lilienthal ya san haɗarin abin da yake yi. Tuƙi da nauyin jiki yana da iyaka, domin idan iska mai ƙarfi ta ɗaga hancin jirgi fiye da kima, gudunsa yakan mutu, fukafukan su daina ɗaukar iska, sai ya sulmiyo ƙasa da ka. Hakan ta taɓa faruwa da shi a Rhinow, amma wata lanƙwasasshiyar sanda da ya ɗaura a gaban jirgin ta karɓe bugun, ya tsira da targaɗe da rauni a ka.

Ranar Lahadi, 9 ga watan Agusta, 1896, ya tafi Gollenberg tare da makanikensa Paul Beylich. Rana ce mai zafi da hasken rana. Tashin farko ya tafi lafiya. A wani tashi da ya biyo baya, iska ta ɗaga jirgin ya tsaya cak a sama. Ya wurga jikinsa gaba don ya dawo da shi, amma abin ya faskara, jirgin ya kifo da hanci daga tsayin kimanin mita 15. Ya karye a ƙashin wuya, rabin jikinsa na ƙasa ya shanye. Aka ɗauke shi a keken doki zuwa Stölln, likita ya duba shi, daga baya kuma aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa Balin, aka kai shi asibitin shahararren likitan fiɗa Ernst von Bergmann. A nan ya cika ranar 10 ga watan Agusta, 1896, yana da shekara 48. An binne shi a maƙabartar Lankwitz. Ya bar matarsa Agnes da 'ya'ya huɗu. Ƙanensa Gustav ya ci gaba da ƙoƙarin ƙera jirgi mai kaɗa fukafukai har ya rasu a 1933, ba tare da jirgin ya tashi ba.

An daɗe ana muhawara kan ko laifin jirgin ne. A 2016 Cibiyar Binciken Sararin Samaniya ta Jamus ta sake ƙera irinsa bisa zanen asali, ta gwada shi a ramin gwajin iska. Binciken ya nuna jirgin yana da daidaito, kuma yana tafiyar kusan mita 4 gaba a duk mita 1 da ya sauka. Masu binciken sun karkata ga cewa iskar da zafin rana ke tayarwa sama ce ta ɗaga hancinsa fiye da yadda nauyin mutum zai iya gyarawa.

8.0 Tasirinsa

Labarin rasuwarsa ya isa garin Dayton na Amurka, inda wasu 'yan'uwa biyu masu gyaran kekuna, Wilbur da Orville Wright, suka karanta shi a jarida. Su da kansu sun bayyana cewa daga nan ne suka mayar da hankali ga matsalar tashi. Sun bi tafarkinsa na fara shawagi ba inji, sun kuma yi amfani da jadawalinsa wajen ƙera jiragensu na 1900 da 1901. Da suka ga ɗagawar ba ta kai yadda lissafi ya nuna ba, sai suka ƙera ramin gwajin iska nasu suka sake awo. Daga baya aka fahimci cewa babban kuskuren yana cikin wani tsohon adadi na matsin iska da kowa yake amfani da shi a lokacin, da kuma bambancin siffar fukafukansu da nasa. Darasin da suka ɗauka daga mutuwarsa da ta Pilcher, wanda shi ma ya faɗo ya rasu a 1899, shi ne nauyin jiki bai isa tuƙi ba, dole a sarrafa fukafukan kansu. Ranar 17 ga watan Disamba, 1903, jirginsu mai inji ya tashi na daƙiƙa 12 kusa da Kitty Hawk.

Bayan zuwan inji, an yi shekaru da dama ba a waiwayi irin tashin Lilienthal ba. Abin da ya farfaɗo da shi shi ne wani fiffike mai laushi da injiniyan Amurka Francis Rogallo da matarsa Gertrude suka ƙirƙiro a 1948, wanda John Dickenson na Ostireliya ya yi wa firam mai kusurwa uku a 1963. Ranar 23 ga watan Mayu, 1971, wato ranar zagayowar haihuwar Lilienthal, masu sha'awar wannan wasa suka yi taro da sunansa a kudancin Kalifoniya, kuma ana ɗaukar taron a matsayin mafarin yaɗuwar wasan a zamanin nan. A 1978 kuma wasu Faransawa suka fara tashi daga gangaren dutse da laima ta musamman a garin Mieussy, wanda shi ne mafarin shawagi da laima.

A yau matuƙan waɗannan jirage suna neman iskar nan mai tasowa da zafin rana da gangan, suna kewaya a cikinta kamar yadda shirwa da ungulu suke yi, su hau sama ba tare da inji ba. Ɗaya daga cikin wuraren da suka shahara da wannan shi ne Kwarin Owens a gabashin Kalifoniya, busasshiyar ƙasa mai tudu tsakanin jerin tsaunuka biyu da kawunansu suka haura mita 4,000. Rana takan gasa duwatsun, iska ta taso da ƙarfin gaske, har matuƙa sukan ɗauki iskar shaƙa a kwalba saboda nisan da suke yi sama. Daga nan ne Larry Tudor ya yi tafiyar sama da kilomita 350 a 1983. A 2012 kuma Dustin Martin ya yi kilomita 764 a jihar Texas. Duk da ingancin kayan zamani da laimar ceto, ƙwararru kaɗai ake ba shawarar tashi a wuri irin Owens, domin iskar da ke ɗaga su ita ce irin wadda ta kayar da Lilienthal.

Jamus ba ta manta da shi ba. An mayar da tudun Fliegeberg wurin tunawa da shi a 1932, akwai kuma gidan tarihi mai sunansa a Anklam. Filin jirgin saman Tegel na Balin ya ɗauki sunansa daga 1988 har aka rufe shi a 2020. Hukumar wasannin sama ta duniya kuwa tun 1938 take ba da lambar yabo da sunansa ga gwanayen shawagi.

9.0 Kammalawa

An ga yadda yaron da ya fara da kallon shamuwa a fadamar Anklam ya kai ga zama mutum na farko da ya riƙa tashi da fukafukai a kai a kai. Hanyar da ya bi a fili take: ya lura da abin da ke kewaye da shi, ya auna, ya maimaita awon kafin ya buga, sannan ya gwada da jikinsa daga mita 1 zuwa mita 15 zuwa tudu. Ya kuma bar alƙalumansa a buɗe, shi ya sa waɗanda suka biyo baya suka iya gano inda ya dace da inda ya gaza, suka ɗora. Ga mai shirin zama malami, wannan tarihi abin amfani ne a aji ta fuska biyu. Misali ne na yadda ake tsara tarihin rayuwar mutum daki-daki, kuma hanya ce ta nuna wa yara cewa tsuntsun da suke gani kullum a bisa kuka ko rimi yana iya zama mafarin darasin kimiyya.

Tambayoyin Bita

1. Wane darasi Otto da Gustav suka koya daga yadda shamuwa take tashi, kuma yaya Otto ya yi amfani da shi a tudun Fliegeberg?
2. Bayyana yadda ake tuƙa jirgin Lilienthal, tare da nuna raunin wannan hanya.
3. Kawo hanyoyi uku da aikin Lilienthal ya yi tasiri a kan 'yan'uwan Wright.
4. Wace rawa hoto ya taka wajen sauya ra'ayin jama'a game da tashi?
5. Taƙaita wannan tarihi cikin sakin layi biyu, da Hausar da ɗan aji shida na firamare zai fahimta.